Tambayi Likita: Haɓon da Ke Bin Gida, da Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan jini suke: wanda ya ƙi tsayawa, da wanda ya daskare a inda bai kamata ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su. Yawan maganin da muka ambata don fahimta ne, likitan da ya duba mutum shi ke yanke nasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 38, tun ina firamare nake haɓo, idan hunturu ya shigo kusan kullum ne. Mahaifiyata ma haka take, ga ɗana mai shekara 11 ya fara. Sau biyu ana yi mini ƙarin jini. An yi gwajin daskarewar jini an ce lafiya lau. To mene ne wannan? Daga wata uwa a Gwammaja.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ku lafiya. Abu uku ke haɗuwa su tsayar da jini: bangon jijiyar kanta, da ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa su toshe rauni, da sinadaran da ke sa jini ya yi guda. Gwajin da aka yi miki na biyun ƙarshe kawai yake aunawa. Idan matsalar a bangon jijiya take, ko sau goma aka maimaita shi lafiya lau zai fito.

Bayaninki ya yi kama da wata cutar gado ta jijiyoyin jini da likitoci ke kira HHT. Likitoci uku ne suka fayyace ta, Rendu a 1896, Osler a 1901, Weber a 1907, kuma ana ƙiyasin tana samun mutum 1 cikin 5,000. A lafiyayyen jiki, jinin da ya taso daga zuciya da ƙarfi sai ya ratsa wasu siraran jijiyoyi da suka fi gashi siranta, ƙarfinsa ya ragu, kafin ya shiga jijiyar da ke mayar da shi. A mai wannan cuta akwai wuraren da babu waɗannan siraran, jijiyar kaiwa ta haɗe kai tsaye da ta dawowa. Wurin sai ya kumbura, bangonsa ya yi laushi. A cikin hanci fatar da ta rufe shi ba kauri, ga busasshiyar iska da ƙura, shi ya sa ko atishawa ke fasa shi.

Tun shekarar 2000 akwai alamomi huɗu da ake dubawa: haɓo mai yawan dawowa ba tare da buguwa ba, jajayen ɗigo kamar kan allura a leɓe, harshe, cikin hanci ko kan yatsu, irin wannan haɗewar jijiya a huhu, hanta, ƙwaƙwalwa ko hanji, sai uwa, uba, ɗa ko ɗan'uwa na jini da aka tabbatar yana da ita. Uku sun tabbatar, biyu zato ne mai ƙarfi. A baƙar fata ɗigon ba ya fitowa sosai a fuska, don haka a janyo leɓen ƙasa a haska cikinsa da tocila, a duba harshe da ƙarƙashin farce. Idan aka danna ɗigon yakan dushe, a saki ya dawo. Yawanci sai an girma yake bayyana, saboda haka rashinsa a jikin ɗanki bai wanke shi ba.

Gadonta ba irin na sikila ba ne da sai uwa da uba sun haɗu. Mutum ɗaya ya isa, kuma kowane ciki rabi da rabi ne, mace ko namiji. Auren zumunci ba shi ya kawo ta ba, auren bare kuma ba ya kore ta.

Idan haɓon ya ɓalle, ki zauna, ki ɗan sunkuyo gaba, ki matse tattausan ɓangaren hanci, wato ƙasa da ƙashin karan hanci, minti 15 cur da agogo, kina numfashi ta baki. Kuskuren da aka fi yi uku ne: ɗaga kai sama, wanda ke tura jinin maƙogwaro ya jawo amai, sassauta hannu kowane minti biyu don a ga ko ya tsaya, wanda ke yage gudan da ya fara haɗuwa, da cusa busasshiyar auduga ko takarda, wadda za ta manne ta ɓalle sabon rauni wajen cirewa. Idan ya wuce minti 30, ko jiri ya kama ki, sai asibiti.

Rigakafin yau da kullum shi ne hana hanci bushewa. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri giram 9, kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, a bari ya huce, a riƙa ɗigawa ko fesawa sau biyu zuwa uku a rana, a kuma haɗa sabo kullum. Da hunturu a sa takunkumi idan za a fita. Idan wannan bai wadatar ba akwai ƙwayar tiranezamik asid, mai hana gudan jini saurin narkewa, wadda ake ba babba giram 1 sau biyu ko uku a rana, amma wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa ko huhu sai likita ya auna tukuna. Ki guji asfirin, ibufurofen da dikilofenak, har da haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, domin da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Farasitamol ba laifi. Ƙona jijiyar hanci da sinadari kuwa yana taimakawa na ɗan lokaci, amma idan aka yawaita shi, musamman gefe biyu a rana ɗaya, yana iya huda shingen tsakiyar hanci, haɓon ya ƙaru.

Ƙarin jini sau biyu na nuna sinadarin ƙarfen jikinki ya ƙare. Ki nemi a auna feritin, wato ajiyar ƙarfe, ba yawan jini kaɗai ba. Ƙwayar ƙarfe mai miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe zalla miligiram 65. Ɗaya a rana, ko rana bi rana ga wadda take ɓata wa ciki, ta wadatar. Kada a kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki, kuma a ci gaba wata uku bayan jini ya daidaita. Idan asarar ta fi abin da ƙwaya ke mayarwa, ana ba da ƙarfen ta jijiya.

TAMBAYA: A gidanmu ana haɓo sosai. Yayana ya samu shanyewar ɓarin jiki yana ɗan shekara 32, ba hawan jini, ba ciwon suga. Akwai alaƙa? Daga wani magidanci a Kurna.

AMSA: Malam, tana iya yiwuwa ƙwarai, kuma wannan ɓangaren ya fi haɓon kansa tayar mana da hankali, domin ba ya yin sallama. Ban da shaƙar iska, huhu rariya ne. Duk jinin jiki sai ya bi ta siraran jijiyoyinsa, su tare ɗan gudan jini ko ƙwayar cutar da ta shigo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu HHT, wasu binciken ma sun ce har rabi, suna da haɗewar jijiya a huhu, wato rariyar ta huje. Abin da ya kamata a tace sai ya wuce ya nufi ƙwaƙwalwa. Idan gudan jini ne, sai ya jawo shanyewar jiki, idan kuma ƙwayar cuta ce, mafi yawa daga dasashi, sai ta tara ƙurji a ƙwaƙwalwa.

Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya ƙin nunawa, haka ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Gwajin tantancewa shi ne hoton zuciya da kumfa. Ana haɗa ruwan gishirin asibiti mililita 9 da iska mililita 1, a kaɗa tsakanin sirinji biyu har ya yi fari, a tura ta jijiyar hannu ana kallon zuciya. Lafiyayyen huhu yana tare kumfar. Idan ta ɓullo a ɓangaren hagu na zuciya bayan 'yan bugu, akwai hanyar da ta bi, sai a yi hoton CT na ƙirji. Likitan zuciya ke yin gwajin, don haka ku nemi a tura ku babban asibiti irin na koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin ba sai an tsaga ƙirji ba: ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har huhu, a toshe wurin da ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, daga baya a sake hoto don wani lokaci yakan buɗe.

Wanda aka samu da wannan, ko wanda ba a riga an duba ba, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin cire haƙori ko wanke shi, ya kuma gaya wa mai sa masa ruwa kada kumfar iska ta shiga robar. Matan gidanku a duba su kafin su ɗauki ciki, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa, haɗewar ta girma, tana iya fashewa a watannin ƙarshe. Wanda kuma aka ga wani abu a hantarsa, kada a yarda a soka allura don ɗebo tsoka kafin a gaya wa likitan akwai wannan cuta a gida.

TAMBAYA: Ƙanin matata ya rasu yana yaro bayan kaciya, jini ya ƙi tsayawa. Ɗana mai shekara 6 gwiwarsa na yawan kumbura, ɗan buguwa kaɗan sai wurin ya tara jini. Kakanninsa sun matsa a kira wanzami da sanyin nan. Daga wani uba a Fagge.

AMSA: Allah Ya ji ƙansa. Malam, a dakatar da wanzami, ko na asibiti ma a dakata, sai an yi gwaji. Kawu ta wajen uwa da kumburin gaɓa alamun hemofiliya ne. A nan jijiya lafiyarta ƙalau, sinadarin daskarewa ne ya yi ƙaranci: na 8 a nau'in A, wanda ke samun kimanin namiji 1 cikin 5,000, ko na 9 a nau'in B, wanda ya fi wuyar samu. Mace ke ɗauke da ita, ɗanta namiji ke yin ciwon, kowane ɗa rabi da rabi. Namiji mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata suna ɗauke da ita. Muna roƙo kada wannan ya zama abin gori ga maiɗakinka. Ba zaɓinta ba ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon babu tarihinsa a danginsu sam.

Za a fara da ƙidayar jini da PT da APTT, wato gwaje-gwaje biyu na auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. A hemofiliya APTT ne kaɗai ke tsawaita, sai a auna sinadarin a san ko 8 ne ko 9. Idan sinadarin yana ƙasa da kashi 1 cikin 100 na yawansa a lafiyayyen jiki, ciwon mai tsanani ne, 1 zuwa 5 matsakaici, 5 zuwa 40 mai sauƙi. Wannan gwaji yana da saurin lalacewa. Kwalbar mai shuɗin murfi dole a cika ta daidai layi, domin kashi 9 na jini ake so a kan kashi 1 na maganin ciki, kuma a auna cikin awa 4. Jinin da aka ɗauka a wani ɗakin gwaji aka yi ta yawo da shi a zafin Kano sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. A kai yaron inda za a auna, a ɗauka a can.

Dalilin da ya sa ledar jini ba ta ceton irin waɗannan yara lissafi ne. Ma'auni 1 na sinadari na 8 a kowane kilo yana ɗaga shi da kashi 2. Yaro mai kilo 20 da za a yi wa aiki ana so ya kai kusan kashi 100, wato ma'auni 1,000. Ruwan jini na ɗauke da kimanin ma'auni 1 a kowace mililita, ka ga sai an ɗura masa lita guda, abin da zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ga shi rabin sinadarin na ƙarewa cikin awa 8 zuwa 12, sai an yi ta maimaitawa kwanaki. Don haka ake yin kaciyar a asibiti, da tataccen sinadarin a hannu wanda zai isa har rauni ya warke. Ku yi rajista a sashen cututtukan jini, domin ta nan ake samun sinadarin da Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya ke bayarwa gudummawa ta hannun gidauniyar masu ciwon ta Najeriya.

Kafin nan: ba allura a tsoka, ba ƙaho, ba tsaga, ba tausar gwiwa. Idan ta kumbura a huta da ita, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15, a tafi asibiti. Buguwa a kai kuwa gaggawa ce ko yaron yana wasa. Idan aka haifi wani namijin, a hana cire beli, a kuma gaya wa ungozoma tarihin gidan kafin allurar bitamin K da ake yi wa jarirai, don a san yadda za a ba shi ita.

TAMBAYA: Al'adata kwana 10 take yi, da gudaji, tun farkon balagata. Yayyena sun ce haka matan gidanmu suke. Daga wata ɗaliba a Kabuga.

AMSA: 'Yar'uwa, kasancewar duk gida haka ake shi ne ma dalilin bincike. Jinin da ya wuce kwana 7, ko ya sa canza auduga kowace awa ɗaya zuwa biyu, ya yi yawa. Cutar zubar jini ta gado da ta fi kowacce yawa ita ce wadda likita Erik von Willebrand na ƙasar Finlan ya bayyana a 1926, da sunansa ma ake kiranta, tana kama maza da mata, sai dai haila da haihuwa ke tona ta. PT da APTT na iya fitowa daidai, sai an auna sinadarin jinin da cutar ke shafa shi kansa, wani lokaci sau biyu, domin ciki, gajiya da tashin hankali na ɗaga shi ya ɓoye matsalar. Tiranezamik asid giram 1 sau uku a rana, a kwanaki 4 zuwa 5 na farko, yana rage jinin sosai. A auna feritin, kuma duk ranar da kika fara awon ciki ki faɗi wannan tun zuwan farko.

TAMBAYA: Ana ta cewa bincike, bincike. Mu a Kano mun san abin da gwajin magani ya yi wa yaranmu. Me zai sa mai irin wannan ciwo ya yarda a gwada abu a kansa? Daga wani malamin makaranta a Gwale.

AMSA: Malam, tsoronka yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma yanzu gwajin magani sai da amincewar kwamitin ɗa'a da ta hukumar NAFDAC.

Amma dubi abin da gwaji na gaskiya ke ganowa. A 2016 an buga sakamakon wani bincike a Amurka kan masu HHT 121. An raba su huɗu: kashi uku suna fesa magunguna daban-daban a hanci, ciki har da mai tsadar gaske, na huɗu ruwan gishiri kawai, ba wanda ya san nasa. Bayan mako 12 duk sun samu sauƙi, kuma ba maganin da ya fi ruwan gishirin rage yawan haɓon. Ba don rukunin kwatance ba, wato masu ruwan gishirin, da an ce mai tsadar ne ya yi aiki, mutane su yi ta sayar da kadara. Shawarar ruwan gishiri da muka ba Hajiya a sama da wannan ta ƙara ƙarfi.

A 2024 kuma an gwada ƙwayar fomalidomaid, miligiram 4 kullum na mako 24, a kan mutum 144, kashi biyu cikin uku na shan maganin, sauran ƙwayar da ba komai a cikinta. Tsananin haɓo, a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 10, ya ragu da kusan maki 1 fiye da na rukunin kwatance. Ci gaba ne na gaske, amma maganin ɗan'uwan talidomaid ne, wanda ya nakasa dubban jarirai a ƙarshen shekarun 1950, don haka haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki, yana kuma iya jawo daskarewar jini. Ba abin saya a kasuwa ba ne.

Mu ma an yi da mu. Binciken WOMAN na 2017, mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna allurar tiranezamik asid giram 1 cikin awa 3 da haihuwa ga matan da jini ya ɓalle musu tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na E-MOTIVE a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna shimfiɗa leda mai ma'auni don auna jinin haihuwa, tare da ba da magunguna a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Idan aka gayyace ka, ka nemi takardar bayani da Hausa, ka tafi da ita gida ka yi shawara. Ka tambayi wane kwamiti ya amince, ka ga lambar amincewar. Ka tambaya ko akwai rukunin da ba za a ba maganin ba, wa zai biya idan an samu illa, kuma me za a yi da jinin da aka ɗauka, za a fitar da shi waje ko a'a. Kana da ikon fita duk ranar da ka so ba tare da an rage maka kulawa ba. Yaro sai da izinin iyaye, mai wayo kuma a nemi yardarsa shi ma. Duk wanda ya ce sa hannu yanzu-yanzu, ka tashi.

TAMBAYA: Bayan na haihu ƙafata ta hagu ta kumbura, aka ce jini ya daskare, aka ɗora ni a kan wafarin. An ce in daina cin zogale. Gaskiya ne? Daga wata mai jego a Hotoro.

AMSA: Barka da arziki, Hajiya. Ba dainawa ake so ba, daidaitawa. Wafarin, maganin rage daskarewar jini, yana aiki ne ta hanyar danne bitamin K, ganyaye irin su zogale, alayyafo da kabeji kuwa suna da shi da yawa. Idan kin ci kwaɗo kwana uku a jere sannan kin yi mako biyu ba ki taɓa ba, awon INR, wato gwajin da ke nuna ƙarfin aikin wafarin a jini, zai yi ta hawa da sauka. Ana so ya zauna tsakanin 2 da 3: ƙasa da haka gudan na iya girma, sama da haka jini ya ɓalle. Ki ci gwargwado iri ɗaya kowane mako, a saita maganin a kan haka. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Flagyl da Septrin suna haura awon sosai, jiƙe-jiƙen jego ma a ajiye su. Shayarwa ba matsala, amma wafarin na illata ɗan tayi, don haka idan kin yi ɓatan wata ki koma asibiti a mayar da ke kan allurar hefarin, wani maganin rage daskarewar jini. Kada a tausa ƙafar wajen wankan jego. Maganin aƙalla wata uku ne ko kumburin ya saɓe, kuma idan numfashi ya yi miki wuya farat ɗaya, ko kika ji sara a ƙirji, ko tari da jini, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne.